Wa Ke Ɗauke Sabis da La'asar a Ruwan Godiya?

Duk wanda ya zauna a Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa a ƙarshen 2021 ba sai an yi masa bayanin ɗaukewar sabis ba. A farkon Satumbar shekarar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Bayan kamar mako guda abin ya tsallako Katsina, ƙananan hukumomi 13 suka yi ɗif, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Har sana'ar cajin waya sai da aka hana a yankunan da abin ya fi tsanani. Watanni aka shafe mutum in zai gai da ɗansa da ke Legas sai ya biya kuɗin mota ya fita yankin. Tun daga nan, in sabis ya ɗan yi tangarɗa, hankalin mutane manyan abubuwa yake tafiya: ko gwamnati ce ta sake rufewa, ko an kai hari gindin turke, ko an kwashe dizal da batura. Tsoron yana da dalili. Sai dai ga mai gyaran sadarwar kwamfuta yana da wata illa, domin babban zargi yakan rufe ƙaramin laifi har a daina nemansa.

Wani shago ne a Ruwan Godiya, cikin ƙaramar hukumar Faskari, irin wanda yanzu babu garin da ba shi: ana cire kuɗi da POS, ana buga takardu, ana cike wa ɗalibai fom, ana duba sakamakon jarrabawa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, POS ɗin ne ke riƙe da gidan. Sabis ba ya shiga cikin shagon sosai, don haka mai shi ya kafa dogon bututun ƙarfe a bayan ginin, ya ɗaura rautar waje mai cin SIM a ƙoli. Waya guda ce ke haɗa sama da ƙasa, ita ke kai wa rautar wuta, ita ke sauko da intanet zuwa wani ƙaramin suwic mai baki takwas. Daga suwic ɗin sai kwamfutoci uku da na'urar waifai ɗaya, wadda injinan POS ke kamawa. Wuta kuwa ta sola ce, da batura da inbata.

Bayan ƙaramar Sallah ta 2024 mai shagon ya kira ni. Ya ce, "Injiniya, da safe lafiya lau, kamar ba a taɓa ciwo ba. La'asar na yi sai komai ya dagule. Kuɗin mutum ya fita daga asusunsa, takarda ta ƙi fitowa, a yi ta ce-ce-ku-ce har gaban mai unguwa." Na tambaye shi yaushe abin ya soma. Ya ce cikin azumi, kuma shi ya riga ya san dalili: wayoyin nan ne na ƙarƙashin teku. Bai yi ƙarya ba a kan labarin. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a teku daura da Kwaddibuwa, intanet ya tsuke a Afirka ta Yamma, har bankunan Najeriya suka ji a jikinsu. Amma wayar da ta tsinke a ƙarƙashin teku ba ta san la'asar ba. In ta lalace, safe da yamma duk ɗaya ne a wurinta.

Masu gyara sun riga ni zuwa. Wani ya canza SIM, wani ya sayar masa da sabon batir. Ban ga laifinsu sosai ba. Kowa da hantsi yake isowa, ya tarar komai na aiki, kuma kafin azahar hankalinsa ya koma kan hanya, don ba wanda ke son yamma ta riske shi tsakanin garin da Sheme. Ke nan ba wanda ya taɓa ganin ciwon da idonsa, labarinsa kawai suka ji. Na ce masa zan zo, amma da sharaɗin ya tanadar min shimfiɗa.

Abin da na fara yi da na isa shi ne rubuta yadda lafiya take. Mai shagon ya yi ta mamaki, ya ga ya biya kuɗin mota an zo ana ta rubutu a littafi alhali ba a kwance ko kusa ɗaya ba. Amma wanda bai san kamannin abu da lafiyarsa ba, ba zai gane inda ya sauya ba. Na rubuta adireshin IP na kowace kwamfuta. Na rubuta na rautar, wato ƙofar da kowa ke bi ya fita duniya: 192.168.1.1. Na shiga shafinta na rubuta ƙarfin siginar da take samu daga turke. Na ɗauki hoton gaban suwic, fitila biyar a kunne. Na buga arp -a a kowace kwamfuta na ajiye abin da ya fito, ba don na zargi wani abu ba, sabo ne kawai.

Duk wanda ya yi jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, ko Network+ ta CompTIA, ya haddace cewa sadarwa hawa bakwai ce, kuma in an rasa bakin zare daga hawa na ƙasa ake farawa, wato wuta da waya da sigina. Littattafan suna ba hawan nan 'yan shafuka su wuce, don inda aka rubuta su wuta ba ta ɗaukewa. A wurinmu mafi yawan kiran da ake yi wa mai gyara a nan yake ƙarewa: ƙura, zafi, ɓera, batir da ya gaji. Don haka wuta na fara zargi, kuma zargin ya zauna daidai: rana na karkata, sola na raguwa, inbata na sassautawa, rautar da ke can ƙoli ita za ta fara jin yunwa. Na sa mita a kan baturan, na ce wa yaron shagon ya riƙa karanto min lambar duk rabin awa.

Sai wayar. Ka'idar irin wannan waya ita ce kada ta wuce mita 100, wannan kuwa ko rabi ba ta kai ba. Amma da na kankare bakinta da wuƙa sai jan ya tafi, fari ya bayyana: alminiyam ne aka yi wa fentin jan ƙarfe, irin mai arha da ta cika kasuwa. Ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe na gaskiya, ga saurin karyewa. Kan da aka matse mata a ƙasa ma ya yi tsatsa. Na yanke shi na matsa sabo. Mai shagon ya yi hamdala, har ya aika a sayo lemo. Na ce masa, "Alhaji, wannan laifi ne, amma ban ce shi ne laifin ba. A jira la'asar."

A gefen shagon akwai wani dattijo mai shayi, yana wanke kofuna yana kallona ina hawa ina sauka daga tsani. Can ya ce, "Yaro, wahala kake sha. Ni na faɗa musu tuntuni, injin yaron ga mai caji shi ke korar sabis. Yana tashi, sabis na gudu." Samarin da ke kan benci suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, ina ruwan janareto da intanet?" Ni ma ban ga haɗin ba. Shagon cajin yana bayan katanga, wutarsa daban, ba abin da ya haɗa shi da solar Alhaji. Amma na rubuta maganar. Mutumin da ke zaune wuri guda tun asuba har dare, shekara da shekaru, bayaninsa na iya zama kuskure, amma da wuya agogonsa ya yi kuskure.

Aka yi la'asar aka dawo. Ba a jima ba yaron POS ya ɗago kai ya ce, "Oga, ya fara."

Mita na fara dubawa. Baturan suna nan da ƙarfinsu, inbata ko gezau. Wuta ta fita daga zargi, sabon batirin da aka saya asara ce kawai. Na ce wa Alhaji ya fita fili da wayarsa, wadda layinta ɗaya da na rautar, ya buɗe bidiyo. Ya buɗe, yana tafiya, da ɗan nauyi irin na yamma lokacin da jama'a suka yi yawa a kan turke, amma yana tafiya. Turke ma ya fita. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne cikin shagon kansa: kwamfutar da ke bakin ƙofa tana aiki, ta tsakiya ta mutu. Bayan 'yan mintoci ta tsakiya ta farfaɗo, ta bakin ƙofa ta kwanta. Da daga sama ciwon yake, ko daga waya, ko daga kamfani, da tare za su mutu tare su tashi. Wani abu ne a cikin gida yake zaɓen wanda zai kayar.

Na zauna gaban wadda ta mutu. Na buga ping zuwa 8.8.8.8, adireshin nan na Google da masu gyara ke gwada hanya da shi don sauƙin haddacewa. Shiru. Na buga ping zuwa 192.168.1.1. Amsa nan take, ko ɗaya ba ta faɗi ba. A ilimin littafi wannan na nufin hanya lafiya take har zuwa rauta, matsalar daga rauta zuwa gaba ce. To amma ga kwamfutar kusa da ita, ta wannan rautar take fita, kuma tana fita. Rauta ɗaya ba za ta zama da intanet kuma ba ta da shi a daƙiƙa guda ba.

Sai na buɗe burauza na rubuta 192.168.1.1, don in ga me rautar ke cewa da bakinta. Shafin da ya buɗe ba wanda na gani da safe ba ne. Launinsa daban, tambarin kamfanin daban, har wurin sa kalmar sirri ba a gefe ɗaya yake ba. Na juya ga kwamfutar da ke aiki na rubuta lambobin nan dai. Shafin safe ya fito.

Nan rubutun safe ya biya kuɗinsa. Kowace na'ura tana da adireshi biyu. Akwai na IP, wanda ake ba ta kuma ana iya canzawa. Akwai na MAC, lambobi da haruffa goma sha biyu da ta fito da su daga masana'anta, shida na farko suna nuna kamfanin da ya ƙera ta. In kwamfuta za ta aika saƙo waje, sai ta yi shela a cikin gida: wa ke da 192.168.1.1? Mai shi ya amsa da lambar MAC ɗinsa, ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta sake tambaya. Wannan tsari, ARP, David Plummer ya rubuta shi a 1982, zamanin da masu amfani da sadarwar 'yan kaɗan ne kuma sun yarda da juna, don haka ba a sa masa wata hanyar tantance mai amsa ba. Duk wanda ya ce ni ne, shi ne. Na sake buga arp -a na gwama da na littafi. Lambar MAC da ke gaban 192.168.1.1 ta canza, kuma shidan farko na wani kamfani ne dabam.

Rauta biyu ke nan a gida ɗaya, suna amsa suna ɗaya. Ɗaya tana da hanyar fita, ɗaya ba ta da ita. Kamar a tasha ne 'yan kamasho biyu na kiran Funtuwa, Funtuwa, alhali motar ɗayansu ba inji: wanda muryarsa ta fara shiga kunnenka, motarsa za ka shiga ka zauna. Shi ya sa kwamfutocin ke karɓa-karɓa. Shi ya sa kuma POS ke cin kuɗin mutane: saƙon cire kuɗi ya fita ta rautar gaskiya, banki ya cire, kafin a kammala musayar injin ya koma bin ta bogi, ciniki ya tsaya a rataye. Ga ƙari, baƙuwar ita ma tana raba adireshi ta DHCP, tsarin da ke ba kowace na'ura lambarta idan ta shigo, har ta fara ba wasu lambobin da ta gaskiya ta riga ta bayar. Ba abin mamaki ba ne sunan ya zo ɗaya. Tun 1994 aka keɓe adireshin da ke farawa da 192.168 don amfanin cikin gida, kuma kamfanoni da yawa suna fito da rautocinsu a kan 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Mutane kaɗan ne ke canzawa.

Saura a gano inda take. Na tambayi Alhaji ko akwai wata rauta a shagon. Ya rantse babu, kuma ba a taɓa komai ba tun bara. "Ba a taɓa komai ba" ita ce maganar da mai gyara ya fi ji a rayuwarsa, kuma galibi mai faɗinta da gaskiyarsa yake faɗi. Da suwic ɗin irin mai tsada ne wanda ake shiga cikinsa, umarni ɗaya zai nuna min bakin da lambar MAC ɗin ke shigowa. Wannan kuwa na talaka ne, ba ya magana sai da fitilu. Na fito da hoton safe na kara kusa da shi. A hoto biyar. A gabana shida.

Na bar ping yana gudu, na zare wayar baki na shida. Bayan ɗan lokaci amsoshin 8.8.8.8 suka fara zubowa a kwamfutar da ta mutu, yaron POS ya ce nasa ma ya kama. Na mayar, na jira, abu ya sake dagulewa. Ba na yarda da gyaran da ban iya maido da ciwonsa da hannuna ba. Daga nan muka bi wayar. Ta bi bayan kanta, ta shige ƙarƙashin buhunan takarda, ta haura jikin azara, ta fita ta wata 'yar kafa a saman bango, ta faɗa shagon mai caji. A lokacin ne na lura da ƙarar da tun ɗazu take kunnena ban kula ba: janareto.

Alhaji ya dafa kai. Shi da kansa ya ja wayar bara, ya ba yaron don kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka da yake tura wa mutane fina-finai da karatu a memori. Shekara guda ba ta ba kowa matsala ba, har ya mance da ita. Mai cajin kuwa, saurayi ne mai ladabi, ya tashi tsaye yana ta "sannu da zuwa, Oga". A kan tebur, tsakanin wayoyi da caja kamar saƙar gizo, ga wata tsohuwar rauta mai ƙaho biyu. Ya ce yayansa ne ya aiko masa da ita daga Kaduna cikin azumi, don masu jiran caji su riƙa samun waifai. Ya zare wayar daga kwamfuta ya cusa mata, fitila ta kama, waifai ya fito, shi ke nan a wurinsa. A bayanta baki biyar ne, huɗu rawaya masu rubutun LAN, ɗaya shuɗi mai rubutun WAN. A rawaya ya sa. Da a shuɗi ya sa, da rautar ta ɗauki kanta baƙuwa mai karɓar intanet daga gidan Alhaji. Da ya sa a rawaya, sai ta shigo cikin gidan tana cewa ita ce mai gida.

Sauran tambayoyin shi ya amsa su ba tare da ya sani ba. Me ya sa la'asar? Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ba ya iya kunna inji yini guda, sai yamma lokacin da mutane suka dawo daga gona da kasuwa. Me ya sa cikin azumi abin ya fi kusa da magariba? Don a lokacin sai dab da shan ruwa yake tayarwa. Me ya sa wasu ranaku sabis ba ya ɗaukewa sam, har Alhaji ya ɗauka canjin SIM ne ya yi magani? Ranakun da bai sami mai ba ne. Shi ma ashe yana ta fama, waifai ɗinsa wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi, yana ɗora wa turke.

Gyaran bai kai shan shayi tsawo ba. Na canza adireshin rautarsa zuwa 192.168.50.1, na mayar da wayar bakin shuɗi, na canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, na rage mata yawan abin da za ta iya ja don kada masu kallon TikTok su shanye datar POS. Muka kashe janareto muka tayar, muka jira har bayan isha. Lambar MAC ba ta sake motsi ba. Na kuma gaya wa Alhaji gaskiya cewa wannan ya raba faɗan ne kawai, bai gina katanga ba: mai wayo daga shagon caji har yanzu zai iya leƙo kwamfutocinsa. In yana son rabuwa ta sosai, sai ya sayi suwic irin wanda ake saitawa, a ware wa injinan kuɗi nasu sashe, a kuma hana kowane baki raba adireshi sai na rautar gaskiya. Wayar alminiyam ɗin ita ma a canza ta kafin damina. Na zana masa taswirar shagon a kwali, na liƙa wa kowace waya lamba, har da ta shida.

Da na faɗa wa mai shayi cewa maganarsa ta tabbata, bai ko ɗago daga tukunyarsa ba. Ya ce, "To, ai ni kullum nan nike."

Ga masu shagunan POS da na buga takardu, daga Yankara har Dandume: in sabis ɗinku na ɗaukewa a lokaci guda kullum, kafin ku sayi batir ko ku canza layi, ku rubuta ƙarfe nawa yake tafiya, ƙarfe nawa yake dawowa, da abin da aka kunna a kusa a daidai lokacin. Ku ɗauki hoton fitilun suwic da safe, ku sake ɗauka in ya ɗauke, ku tura wa mai gyara kafin ya hau mota.